Yadda unguwa za ta tsaya wa sojan ruwanta, gari kuma ya riƙi jirgin da ke ɗauke da sunansa

Ƙanina sojan ruwa ne, bana shekararsa tara a aiki, amma har yau in ya zo hutu Kano muka zauna a majalisa aka faɗi aikin da yake yi sai ka ji wani ya ce "sojan ruwa kuma? to mu ina muka ga ruwa a nan", a yi dariya a wuce. Ni dai abin ba ya ba ni dariya ko kaɗan, don na san dararen da Hajiyarmu ta kwana a kan sallaya lokacin da aka yi sati uku cur wayarsa ba ta shiga, na kuma san yadda matarsa take haɗiye kuka a gaban yara tana ce musu Abba ya tafi aiki ya kusa dawowa. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da muka koya a gidanmu da unguwarmu, duk mai ɗa ko miji ko maƙwabci a wannan aiki ya ɗauka ya ƙara da nasa.

Kafin komai mu cire wa ranmu cewa sojan ruwa aikin mutanen kudu ne. Rundunar nan tun 1 ga Yunin 1956 aka kafa ta, kafin ma a karɓi mulkin kai, kuma 'ya'yan arewa sun hau har samanta, Murtala Nyako ɗan Adamawa ya shugabance ta a farkon shekarun 1990, Awwal Zubairu Gambo ɗan Kano ya riƙe ta daga 2021 zuwa 2023. Suna da sansani a Baga bakin tafkin Chadi, suna da makarantar makamai a Kachiya jihar Kaduna, suna da kwaleji a Dawakin Tofa nan kusa da mu, ga kuma sansanin NNS Lugard (NNS ɗin nan ita ce alamar da rundunar ke sawa a gaban sunan jiragenta da sansanoninta) a Lakwaja inda Neja da Binuwai suka haɗu. Sannan ka saurari sunayen jiragen da kunnenka, NNS Aradu, babban jirgin yaƙin da aka ƙera a Jamus ya fara aiki a 1982, aradun nan ce dai ta damina da ka sani. NNS Kada da ya iso Legas a 2022, kadan ruwa ne. A cikin na da da na yanzu akwai Damisa, akwai Dorina, akwai Kyanwa, akwai Ruwan Yaro. Akwai NNS Karaduwa da aka ƙera a nan gida a Legas aka ƙaddamar a 2016, sunan da duk Bakatsine ya sani, akwai NNS Zaria, sannan a Disambar 2021 aka ƙaddamar da NNS Kano da NNS Sokoto. Wato akwai jirgi a kan teku da sunan garinmu a jikinsa, akwai samari a ciki suna kwana suna tashi da sunan nan a kafaɗarsu, mu kuma masu sunan yawancinmu ko labari ba mu da shi. Wannan ne abin da ya fi damuna, zan dawo kansa, amma bari in fara da abin da ya fi kusa.

Gidan da ya bari

Taimakon da ya fi kowanne isa ga sojan ruwa shi ne wanda aka yi wa gidansa, don mutum in yana tsakiyar teku babu sabis babu komai, abin da ke cin ransa ba igiyar ruwa ba ce, tunanin gida ne. Wasu matan suna bariki, a Ojo ko Fatakwal ko Kalaba ko Warri, can akwai ƙungiyoyin matan sojoji irin NOWA ta matan hafsoshi da kuma ta matan ƙananan ma'aikata, suna ɗan duba juna. Amma da yawa daga yaranmu na arewa a gida suke barin iyali saboda tsadar zama ko ƙarancin ɗaki, to waɗannan su ne ba su da kowa sai mu.

Abin da muka yi a unguwarmu ba wani abu ne mai wahala ba. Mun je wajen mai unguwa muka ce ranka ya daɗe muna so a san gidajen da mazajensu ke bakin aiki, na ƙasa da na sama da na ruwa har da 'yan sanda, ya sa aka ƙirga, aka rubuta a littafi ɗaya da ke hannun mutum ɗaya amintacce, ba a liƙa a bango ba kuma ba a saka a guruf ba, don irin wannan jerin sunaye in ya faɗa hannun da bai dace ba matsala ce. Kowane gida aka ba shi mutum biyu, namiji ɗaya daga dangi ko maƙwabci na kusa wanda mijin da kansa ya yarda da shi, da dattijuwa ɗaya da za ta riƙa shiga ciki. Wannan na yardar miji ka riƙe shi da kyau, kar wani ya ce zai yi aikin lada ya riƙa sallama a ƙofar matar mutum ba da saninsa ba, ka san halin bakin mutane, taimako sai ya koma abin da zai kashe aure.

Aikin mutum biyun nan ƙanana ne amma su ne rayuwa. Wata rana da damina wajen ƙarfe biyun dare zazzaɓi ya rufe ƙaramar 'yar ƙanina har ta fara fizge-fizge, uwar ta rasa inda za ta sa kanta, ni ina tafiya ba na gari, dattijuwar da aka haɗa su ce ta buga ƙofar mai adaidaita na layin, ta saɓa yarinyar a kafaɗa ta ce wa uwar ɗauko hijabinki ki biyo ni, kafin asuba an sa mata ruwa ta farfaɗo. Uban bai ji labari ba sai bayan kwana goma sha ɗaya da jirginsu ya dawo gaɓa, kuma da ya ji, abin da ya fara tambaya shi ne wa ya kai ta, aka faɗa masa, sai ya yi shiru a waya ya daɗe. Har gobe in ya zo gari gidan tsohuwar nan yake fara zuwa kafin ya shigo namu.

Sai maganar kuɗi. Albashi yana shiga akawun ɗinsa ne, shi kuma yana inda ba zai iya turawa ba, sai ka ga gida babu ko gwangwanin shinkafa alhali kuɗi na kwance a banki. Kafin ya tafi ku zaunar da shi a tsara, ko ya sa banki ya riƙa tura wani kaso kai tsaye duk wata, ko ya bar kati a hannun matar, ko ya yi magana da mai kantin unguwa a buɗe littafin bashi mai iyaka. Kuɗin makaranta da na haya a san ranar da suke cika. Mu muna da ɗan asusu da muke zubawa duk wata, ba kyauta muke bayarwa daga ciki ba sai in abu ya yi tsanani, rance ne marar ruwa, ana yin alat a mayar, kuma wallahi na lura sun fi son haka, don soja ba ya son a mai da iyalinsa abin tausayi.

Baki shi ke yanka wuya

Wannan kam sai na ɗan ja kunne. Wani ɗan'uwanmu ya taɓa saka hoton ƙanina a sitatus yana tsaye a kan jirgi, lambar jirgin ta fito ɓaro-ɓaro, ya rubuta a ƙasa wai a taya mu addu'a gobe da safe za su tashi zuwa wuri kaza. Niyyarsa alheri ce, amma ban taɓa jin muryar ƙanina ta yi zafi irin na ranar ba, ya ce Yaya don Allah ka sa ya cire yanzu yanzu, wannan zai iya jawo min hukunci kuma zai iya jawo wa mutane asarar rai. Ka tuna su waye suke fama da su, ɓarayin ɗanyen mai a cikin ƙoramun Neja Delta, 'yan fashin teku a mashigin Gini, masu tayar da ƙayar baya a tsibiran tafkin Chadi, kuma duk suna da waya kamar kowa. Gaɓar tekun Najeriya ta kai kilomita 853, kuma sai a 2022 hukumar da ke bibiyar fashin teku ta duniya ta cire ƙasar daga jerin wuraren da abin ya yi ƙamari, da gumin yaran nan aka kai wurin.

Don haka a gidanmu doka ce, ba a faɗin ranar tashi, ba a faɗin ranar dawowa, ba a faɗin inda aka nufa, ba a saka hoton cikin bariki ko na jirgi sai wanda rundunar da kanta ta fitar. In za a nemi addu'a a masallaci a ce ɗanmu yana bakin aiki Allah ya tsare, ya wadatar. In kuma aka ga wani labari a Facebook wai an kai hari ko jirgi ya nutse, kar wanda ya kira matar ko uwar yana tambaya ko sun ji, a bari sai sanarwa ta fito daga hukuma. A ƙarshen 2018 da aka kai hari Baga na ga yadda jita-jita ta kusa kwantar da wata uwa a layinmu, ɗanta kuwa lafiya lau yake, wayarsa ce kawai ta faɗa ruwa.

Shirun waya ma a koya wa iyaye tun wuri cewa ba alamar sharri ba ce. Jirgi in ya yi nisa da gaɓa sabis ɗaukewa yake, kuma tafiyar takan yi tsawo, ka duba NNS Thunder da ya je har Ostireliya a 2013, ko NNS Kada da ya je Gini Bisau a 2022, irin wannan ba tafiyar kwana biyu ba ce.

Saƙo

Wannan ba sai na daɗe a kai ba, kowa ya san abin da ɗan arewa ke kewa a kudu, kilishi, dambun nama, yajin daddawa, ƙuli-ƙuli, garin kunu, kuka da kuɓewa busasshiya, zuma, dabino in azumi ya matso. Abin lura kawai shi ne iskar teku akwai laima da gishiri, abu in bai bushe sosai ba kwana kaɗan zai yi fumfuna, don haka a zuba a roba mai murfi a naɗe da leda, kuma a tuna wurin ajiyarsa a jirgi ɗan loka ne ba ɗaki ba, kar a haɗa masa buhu. A tambaye shi tukun ko yana gaɓa kafin a ba direban mota saƙo. Kuma a sa da ɗan yawa, don ba shi kaɗai zai ci ba, abokan aikinsa Yarbawa da Ibo da Ijo duk sun san ranar da yajin Hajiya ke isowa, har gaisuwa suke aiko mata.

Yadda gari zai riƙi jirgi

To nan ne na ce zan dawo. Wannan dabara ba sabuwa ba ce a duniya. A Ingila lokacin yaƙin duniya na biyu, tsakanin 1941 da 1942, garuruwa sun riƙa ware sati guda suna tara kuɗin ajiya don jiragen yaƙi, garin da ya cika abin da aka yanka masa sai a haɗa shi da jirgi ya zama nasa, a yi musayar allon tunawa, mata su saƙa wa ma'aikatan jirgin kayan sanyi, 'yan makaranta su riƙa rubuta musu wasiƙa. A Amurka kuma akwai ƙungiyar farar hula ta masu goyon bayan sojan ruwa da aka kafa tun 1902, rassanta na garuruwa suna ɗaukar jirgi ko sansani su riƙa kula da shi, su karrama ma'aikacin da ya fi ƙwazo, su tarbi jirgi in ya dawo. Mu da muke da al'adar karɓar baƙo da riƙon ɗan wani kamar naka, ban ga abin da zai hana mutanen Kano su riƙi NNS Kano ba, ko Sakkwatawa su riƙi NNS Sokoto, ko Zazzagawa nasu, ko mutanen Katsina su ce Karaduwa tamu ce.

Ga yadda nake ganin za a bi. Kar mutum ɗaya ya tashi shi kaɗai, a samu ƙungiya mai rajista da aka sani, ta ci gaban gari ko ta tsofaffin ɗalibai ko ta 'yan kasuwa, a kafa ɗan kwamiti na mutum biyar zuwa bakwai, kuma lallai a sa tsohon sojan ruwa mai ritaya a ciki ko da mutum ɗaya ne, don shi ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa da irin lafazin da ake yi, ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Legion na jiharku zai iya haɗa ku da irinsu. A sa mace a ciki, a sa malamin makaranta. Sannan a nemi albarkar sarki ko hakimi, wasiƙar da ta fito da goyon bayan fada nauyinta daban ne.

Wasiƙar kuma ba kwamandan jirgi za a aika wa kai tsaye ba, soja tsari gare shi daga sama zuwa ƙasa, kwamanda ko yana so ba zai amsa muku ba sai an ba shi izini. A rubuta wa babban hafsan sojan ruwa a hedikwatarsu da ke Abuja, a ba daraktan yaɗa labaransu kwafi, in akwai sansani ko makarantarsu kusa da ku a kai musu kwafi hannu da hannu a gaisa. Shafi ɗaya ya isa, ku su waye, me ya haɗa ku da jirgin, me kuke so ku yi a shekarar farko, sannan ku faɗa a fili cewa ba kwangila kuke nema ba kuma ba gurbin aiki kuke nema ba. A karɓi shaidar an karɓa, a bi sawu bayan sati uku ko huɗu cikin ladabi. Abin gwamnati sai da haƙuri, kuma hafsoshi ana yi musu canjin wurin aiki, don haka komai ya zama a rubuce yadda wanda ya gaji kujerar zai tarar da shi a fayil.

Me za a yi wa jirgin? Ku fara da ƙarami wanda za ku iya maimaitawa duk shekara, ya fi a yi gagarumin biki sau ɗaya a ɓace. Allon tunawa mai tambarin gari da za a rataye a cikin jirgi, aikin hannu na gida, fatar Sakkwato ko rinin Ƙofar Mata. Kyautar shekara ga ƙaramin ma'aikacin da kwamanda ya zaɓa da kansa. Littattafai da abin motsa jiki. Kayan buɗa baki da azumi, sannan da Kirsimeti ma a aika, wannan kar a manta da shi ko kusa, don mutanen cikin jirgin daga kowane yanki da kowane addini suke, wataƙila ma babu ɗan garinku ko ɗaya a ciki, kuma duk naku ne tunda sunanku suke ɗauke da shi. Duk abin da za a bayar ya bi ta hukuma da takarda, kar a danƙa wa wani kuɗi a hannu ko a tura akawun ɗin mutum, yin haka zai iya jefa shi cikin tuhuma.

Abin da na fi ƙauna a ciki shi ne wasiƙun yara. Aji ɗaya na firamare ko islamiyya su rubuta da hannunsu, malami ya duba ya tattara a ambulan ɗaya. Na taɓa sa 'ya'yana da na maƙwabta suka rubuta wa ƙanina da abokansa, wani yaro ya zana jirgi da tayoyi huɗu ya tambaya wai in dare ya yi a ina suke fakin, ƙanina ya ce takardar nan sai da ta zaga hannu wajen ashirin, daga ƙarshe wani ya manna ta a ƙofar lokarsa da salatif ta yi watanni a wurin.

Siyasa kuma a ajiye ta a waje. Soja ba ya shiga jam'iyya, ranar da aka ga hular wani ɗan takara ko fosta a wajen taronku, ranar za a rufe muku ƙofa kuma da gaskiyarsu. Ɗan siyasa in zai ba da gudummawa ya bayar a matsayinsa na ɗan gari.

Ranakun da ya kamata a riƙe

Biyu ne manya. Makon sojan ruwa da ake yi a ƙarshen Mayu zuwa 1 ga Yuni, a lokacin sukan yi sallar Juma'a ta musamman da addu'ar coci, sukan fita duba marasa lafiya kyauta a garuruwan da ke maƙwabtaka da su, a wuraren da jirage suke kuma sukan buɗe wa jama'a su shiga su gani. In kuna son garinku ya shiga lissafi ko ku kai ɗalibai ziyara, wasiƙarku ta isa tun Fabrairu ko Maris. Hausawan Legas na Agege da Idi Araba da Mil 12, da na Fatakwal da Kalaba da Warri, ku ne kuka fi kowa dama a nan, jirgin yana bakin ƙofarku, sarkin Hausawa zai iya jagorantar tawaga a je a gaisa a madadin na gida. Ta biyun ita ce 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, wadda ta zo daidai da ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. A sayi tambarin da ake sayarwa, amma kar a tsaya nan, a je gidan matar soja ɗaya da mijinta ya rasu a unguwa a zauna a ji me ke damunta.

Kuma zumuncin nan ba hanya ɗaya yake bi ba, su ma suna da abin da za su ba mu. Duk wanda ya tuna hatsarin kwalekwalen Bagwai na Nuwambar 2021 da yara 'yan islamiyya suka rasu a ciki, ko na yankin Warra a Kebbi a shekarar, ya san muna da ruwa a arewa kuma yana cin mutane. Garuruwan bakin dam da bakin kogi za su iya roƙon a turo musu masu koyar da sa rigar ruwa, da yadda ake lodin jirgi ba a wuce ƙima ba, da yadda ake ceto wanda ya nutse a farfaɗo da shi. Wannan roƙo ne da ya dace da aikinsu, in an samu rana ɗaya ma aka tara masu fito da matasa an ci riba.

Masu son shiga

Neman shiga sojan ruwa a matsayin ƙaramin ma'aikaci kyauta ne, fom ɗin a intanet ake cikewa a shafin rundunar, ƙananan ma'aikata a Onne jihar Ribas ake horar da su wajen wata shida, masu son zama hafsoshi kuma ta makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA da ke Kaduna ko ta gajeren kwas na masu digiri. Wani maƙwabcinmu ya sayar da filinsa ya ba wani mutum da ya ce yana da hanya a sama, har takardar bogi aka kawo masa mai tambari, yaron ya yi sallama da kowa ya hau mota, sai a bakin get ya gane babu sunansa. Uban bai ƙara zama a majalisa ba har ya bar unguwar. In unguwa na son taimakon matasanta, a nemo mai kwamfuta ya cike musu fom daidai, a duba sunan da ke takardar haihuwa da na sakandare da na NIN su zama iri ɗaya, a nemi takardar shaidar ƙaramar hukuma da wuri, a haɗa musu kuɗin mota zuwa wajen jarrabawa, a sa su fara gudu da safe, wanda ya samu wurin koyon iyo mai tsaro ya koya. Kuma don Allah a daina matsa wa wanda ke cikin aikin cewa sai ya saka ɗan wane, ƙaramin ma'aikaci ba shi da wannan ikon, abin da kawai ake jawowa shi ne ya daina son zuwa gida.

In ya dawo, da in bai dawo ba

Wanda ya dawo daga Baga ko daga cikin ƙoramu wani lokaci jikinsa ne kawai ya dawo. Za ka ga ba ya barci, ƙarar rufe ƙofa ta firgita shi, abu kaɗan ya hau faɗa, ko ya shige ɗaki ya ƙi fitowa. A ba shi kwana biyu kafin a fara jero masa buƙatu, kar yara ko manya su riƙa tambayarsa ko ya taɓa harbin mutum. In abin ya wuce sati da sati, ko ya fara neman abin sha don ya samu barci, a haɗa addu'a da asibiti, akwai likitocin wannan fanni a asibitocin soja, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware, akwai na Dawanau a Kano. Wanda zai raka shi ya zama mutumin da yake jin nauyinsa kuma mai riƙe sirri.

Sai wadda ba a so a faɗa. Kowane soja yana rubuta sunan wanda za a nema in ta Allah ta kasance, da yawa sun rubuta uba ko wa tun suna samari, sun yi aure sun haihu ba su canza ba, wani ma wanda ya rubuta ɗin ya riga shi rasuwa. Ku tuna masa ya sabunta, ni da kaina na zaunar da nawa na ce masa cire sunana ka sa na matarka, ya ce haba Yaya, na ce ba haba, yi kawai. Sannan dangi su gane cewa wanda aka rubuta wakili ne na karɓa, haƙƙin kuwa na magada ne, a kai gaban malami ko alƙali a raba yadda shari'a ta ce, marayu su samu nasu. Na ga gidan da wannan kuɗi ya raba har yau ba a gaisawa. Takardun aiki, lambar aiki, katin shaida, takardar aure da ta haihuwar yara, a yi fotokwafi a ajiye a wuri biyu. Bin haƙƙi da fansho yakan kai mutum har hukumar fanshon soja a Abuja, kuma macen da ke takaba ba ta yawo, to a nan ne kwamitin unguwa zai fitar da mutum ɗaya mai ilimi da haƙuri ya riƙe fayil ɗin, a biya masa kuɗin mota daga asusu, ya riƙa dawowa yana ba da bayani a gaban shaidu.

In kuma aka ga abu ya tsaya ya ƙi motsi, ko matsalar ta shafi mutane da yawa kamar gidajen bariki ko karatun marayu, majalisar dattawa da ta wakilai kowacce tana da kwamitin sojan ruwa, kuma ɗan majalisar mazaɓarku aikinsa ne ya karɓi koke ya miƙa. A rubuta da sunan ƙungiya, da hujja da kwanan wata, ba zagi ba habaici, kuma kar a saka sunan sojan da ke bakin aiki a ciki sai da izininsa.

Mu dai Asabar ɗin farkon wata bayan la'asar muke zama a ƙofar gidan mai unguwa, a shimfiɗa tabarma, ma'aji ya buɗe littafi a bi gida gida. Gida bakwai ne a ciki yanzu, biyu na sojan ruwa. A zaman da ya wuce an amince a gyara wa ɗaya rufin ɗaki kafin ruwa ya sauka, malamin firamaren da ke cikinmu kuma ya ɗauki alƙawarin zuwa da daftarin wasiƙar Abuja a zama mai zuwa, za a karanta a gyara sannan a kai wa hakimi ya gani.